Doyar da Aka Gasa a Farin Ruwa

Faɗan farko da na yi da Nathan a kan motar nan a Durumi aka yi shi, bakin rumfar mai faci, rana tsaka, mutane suka taru sai ka ce nama ake rabo. Nathan ɗan yayana Abraham ne. Ni na goya shi lokacin da uwarsa ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, don haka in na ɗaga masa murya ba aron baki na yi ba.

Aiko min ya yi wai in zo in ga sabon gidansa. Na ɗaura zanen zuwa coci, na taho ina zaton bulo da kwano zan gani. Sai na tarar da shi jingine da wata tsohuwar bas irin ta lodin fasinja a Nyanya, ya shafe ta da koren fenti, yana washe haƙora.

"Goggo, bismillah, shigo."

"In shiga ina?"

Ya ja ƙofa. Ya cire kujerun kaf, ya kafa gadon katako daga wannan bango zuwa wancan. Ga katifa, ga ɗan murhun gas an ɗaure shi da roba, ga jarkokin ruwa, tukwane na lilo a ƙusa. A saman motar ga sola, ga tsani.

"Gidan ke nan?"

"Shi ne, Goggo."

"Gidan da ake ba fetur ya sha? Kai Nathan, furfura ta fara leƙowa a gemunka, za ka kwana cikin gwangwani kamar kifin sadin? Ko kunkuru da ke yawo da ɗakinsa a baya ya san ramin da yake komawa."

"Goggo, kin taɓa ganin kunkurun da aka shafa wa jan fenti?"

Mutane suka kwashe da dariya. Na ce masa ubansa bai haifi ɗan tasha ba. Ya ce da ubansa ya san abin da ke zuwa, da ya sa wa ƙauyenmu taya. Na cire takalmi zan jefe shi, mai faci ya riƙe min hannu. A gaban kowa na rantse ƙafata ba za ta taɓa taka cikin gwangwanin nan ba.

Jan fentin da ya ambata kuwa shi ne ya bi shi tun yana yaro. An haife shi a tsohon ƙauyenmu, inda yau in ka tsaya sai hula ta faɗi kafin idonka ya kai ƙarshen bene. Mu Gbagyi ne, doya muke nomawa a wurin tun ba a yi mafarkin birni ba. Ranar da aka kwashe mu don a gina Abuja, Nathan ya iya gudu amma bai san abin da ake guje wa ba. Kowa ya rarumi abin da ransa ya fi so, wani ƙofa, wata dutsen niƙa. Abraham bai waiwayi tabarma ba. Rumbun doya ya nufa, ya zaɓi iri, ya cika kwanduna, mu mata muka saɓa a kafaɗa, don mu ba ma ɗora wa kai kaya, kai sarki ne a jiki. Irin nan daga kakanmu ya gangaro. Doya ce fara, doguwa, ba jijiya, in ka daka sakwararta sai ta riƙa ja kamar danƙo. Har kasuwar Gwagwalada ana tambayar doyar Abraham.

Wanda bai san doya ba ya buɗe kunne. Dawa ko masara kana iya zubawa a tulu ka toshe, ka dawo wata shekarar ka shuka. Doya ba ta jiran kowa. Irin bana, bana za a binne shi. Ka tsallake damina ɗaya, ya ruɓe ko ya bushe, shi ke nan abin da kakanni suka riƙa miƙa wa juna ya yanke a hannunka.

Abraham ya samu aron gona a Paikon Kore, yana binne irin nan duk shekara har shi ma aka binne shi. Nathan bai zauna noma ba. Ya yi yaron mota, ya yi direba, ya koyi kanikanci a Apo har ya zama in inji ya yi tari ya san inda ke masa ciwo. Ya auri Lucia, ya tara guminsa ya gina ɗaki da falo a Durumi. Wata safiya suka tashi suka ga jan fenti a bango, bayan ɗan lokaci katafila ta zo ta lashe ginin. Ya tsince bulon da bai fashe ba, ya matsa gaba kaɗan, ya sake ginawa. Karo na biyu yana kan hanya aka zo. Ya dawo ya tarar da Lucia zaune kan katifa a fili, ruwa na dukanta, ta rufe 'yarsu Kindness da leda. Masu rusawar ko ban haƙuri ba su iya ba. Lucia ta tattara ta koma gidan iyayenta a Kafanchan, ta ce in ya samu ƙofar da za ta kwana ta tashi a inda aka kafa ta, ya zo ya ɗauke su. Shi kuma ya rantse ba zai ƙara ɗora bulo a kan bulo ba. Ya sayi gawar bas, ya hura mata rai, ya shige.

Da farko kwana kawai yake yi a ciki, yau nan gobe can. Sai wani yaron ofis mai suna Tawfiq ya leƙa motar a wurin gyara, ya ga gado da tukwane, ya ce a kai shi Gurara da abokansa su kwana biyu suna kallon ruwa na zubowa daga kan dutse. Daga nan magana ta bazu. Duk ƙarshen mako sai ka ga yara masu albashi sun goyo jakunkunan da suka fi su girma, sun cika koren gwangwani. Mu da muka ɗauki kaya don dole kafaɗarmu ta yi kanta, su biya suke a kai su daji su ɗauki kaya. Duniya ke nan.

Amma gaskiya ba ta da ɗaci a bakina: Nathan ya iya aikin. Ya kai su Matsirga, ya kai su Assop, ya hau da su har Mambila inda sanyi ke sa mutum ya manta sunansa. Ya san rugar da ake samun nono mai kyau, ya san ƙauyen da ba a hawa dutsensa sai an gai da mai gari, ya san rafin da ake sha da wanda ake wanke ƙafa kawai. In an yi zango sai ya kafa musu tanti, ya dafa musu shayi, shi ya hau saman mota ya miƙe. Ya ce a can ne kaɗai yake barci kamar jariri, don ya san ba wanda zai zo da safe da gwangwanin fenti.

Duk shekarun nan wa ke riƙe da irin ubansa? Tsohuwar da ya mai da abin dariya a Durumi. Samarin coci su tara min kunyar doya, ni in binne, in sa wa kowace hular ciyawa, in kafa sanduna. Sai bara mai gonar Paikon Kore ya sayar, aka zagaye ta da waya. Wata ƙawata Christina ta ba ni bayan gidanta a Orozo. Kunya ta haɗu a Orozo, iri yana Paikon Kore, birni gaba ɗaya a tsakani, ga hadari ya fara haɗowa ta gabas. Na sa aka kira min Nathan.

Ya zo, ya durƙusa ya gaishe ni. Na nuna masa buhun. Na riga na zaɓe irin ɗaya bayan ɗaya, na barbaɗe shi da toka, kowanne ya fito da ɗan tsiro a ka.

"Tunda gidanka yawo ya iya, ya yi yawo mai amfani sau ɗaya. Orozo kai tsaye. Kada ka biya ko'ina."

"An gama, Goggo. Ki shigo mana mu tafi tare."

"Ka manta abin da na ce a Durumi?"

Ya yi dariya, ya tura buhun ƙarƙashin gado inda rana ba ta kaiwa. Ni na bi motar haya.

Abin da bai faɗa min ba shi ne ranar yana da fasinja. Ya shiga gari ya ɗauki Tawfiq, da wata yarinya Sandra, da wani dogo Israel, za su Farin Ruwa can bayan Wamba. Niyyarsa ya ratse ta Orozo ya sauke buhu sannan su wuce. Sai cunkoson Nyanya ya riƙe su har rana ta karkata. Da suka iso mararrabar da ake ratsewa, yaran suka fara ƙorafi.

"Haba oga Nathan, in muka shiga nan sai yaushe? Duhu zai same mu a hanya fa."

Nathan ya dubi hanyar Orozo, ya dubi hanyar Keffi. Ya ce a ransa kwana biyu ba ya kashe iri, yana inuwa, a dawowa ya sauke. Ya miƙe sitiyari. Ni kuwa ina tsaye bakin kunya a Orozo, duk ƙarar motar da na ji sai in ɗaga kai. Christina ta kira wayarsa har ta gaji, wata mata a ciki tana ta ce mana ba a samunsa.

Sun wuce Keffi, sun wuce Akwanga, bayan Wamba kwalta ta ƙare. Suka bi jar hanya mai ramuka, suka tsallake wani rafi da ruwansa bai kai gwiwa ba, suka yi zango a gindin dutse. Washegari yaran suka goya jakunkuna suka hau kallon ruwa, suka yi ta ɗaukar hoto, suka dawo a jiƙe suna ihu. Da Nathan ya tashi mota zai juya, fanbel ɗin inji ya tsinke. Ya bar su, ya tsallake rafin da ƙafa, ya samu mai babur ya kai shi Wamba neman wani. Yana can sama ta ɓalle. Ruwan farko na shekara, irin wanda ke zuwa da fushi. Kafin ya dawo rafin ya zama kogi yana tafe da itatuwa. Ya tsaya wannan gefe da fanbel a wuya, motarsa na wancan gefe, ba yadda zai yi sai jira.

Ba su kaɗai ruwan ya tare ba. Akwai wata motar ɗalibai da ta zo kallo, su ma suka maƙale. Burodi ya ƙare, taliya ta ƙare. Yunwa ta sa Sandra ta shiga binciken motar, ta ɗaga katifa, ta jawo buhu.

"Ku zo ku gani! Oga Nathan mugu ne wallahi, doya ya ɓoye muna nan hanjinmu na kuka!"

Israel ya ɗauki ɗaya ya juya. "Ƙanana ne ma, duk toka. Ai har sun fara tsiro, lalacewa za su yi. Gara mu taimake shi."

Suka hura wuta, suka kira ɗaliban nan, aka yi biki. Ban ga laifin yaran ba, har gobe. Yaron da ya tashi yana ganin doya a faranti, ina zai san ta ci da ta shuka? Yunwa ba ta san iri ba. Wanda ya sani shi ne ya miƙe sitiyari a Nyanya.

Da ruwa ya janye Nathan ya tsallako, tun kafin ya hango motar ƙamshi ya tare shi. Ya tarar da buhu a yashe ba komai ciki, Sandra ta taho da murna da wani yanki a ganye, wai rabonsa suka ajiye masa. Ya ɓare, ya ga farin nan da babu irinsa. Bai yi musu tsawa ba. Ya zauna kan dutse kawai.

Da yamma koren gwangwani ya tsaya bayan gidan Christina. Na ga yadda ya sauko, ya cire hula, yaran na ɓuya a bayansa, na san an yi ɓarna. Ya faɗa min duka, bai rage ba.

"Ka ci?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake, Nathan. Ka ci?"

"Na ci, Goggo. Ban san lokacin da na kai baki ba. Ɗanɗanon gidanmu ne."

"Ɗanɗanon gidanku! To ka cinye gidan naku! Katafila ta zo ƙauyenmu ba ta iya da irin nan ba. Fari bai iya ba, ɓera bai iya ba, mai wayar Paikon Kore bai iya ba. Sai ɗan cikin Abraham, da gishiri da yaji! Kullum kana kukan an rushe maka, an rushe maka. Yau wa ya yi rusau? Su ko fenti suna shafawa kafin su zo, kai ko sallama ba ka yi ba!"

Tawfiq ya matso yana murza hannu. "Mama, ki yi haƙuri, laifinmu ne. Gobe zan cika miki mota da doya daga kasuwa, wadda ta fi wannan girma."

"Ɗana, in ka je kasuwar ka tambayo min rumfar da ake sayar da kakana."

Sandra ta fashe da kuka. Cikin kukan take cewa su ba su sani ba, ita ce ma ta yi ta yanke kawunan tana zubarwa don sun yi tauri ga tsiro, da ta sani da ko wuƙar ba ta taɓa ba.

Nathan ya ɗago kai. Ni ma na dube shi. Duk lalacewarsa ɗan manomi ne, ya san a kan doya rai yake.

"Ina kika zubar?" in ji shi.

"Bayan wani dutse, kusa da inda muka hura wuta."

Na shiga ɗakin Christina na ɗauko ƙwarya. Da gari ya waye na zo bakin motar, na kama ƙofa. Nathan ya buɗe baki zai yi magana.

"Ka ce uffan in fasa maka ƙwaryar nan a ka. Rantsuwata ba ta fi doya ba. Tuƙa."

Haka na shiga gwangwanin da na tsine wa. Hanya ta girgiza min ƙasusuwa, tukwane na ta kaɗa a saman kaina, na zage shi daga Keffi har Wamba. A wani ƙauye ya tsaya, yara suka rugo suna kiran sunansa, wata tsohuwa ta miƙo masa gyaɗa ta taga. Na ga mutumin da ba shi da ƙofa a Abuja yana da masu yi masa maraba a inda ko kwalta ba ta zuwa. Wannan ma haushi ya ƙara min.

Muka tsallake rafin, muka taka da ƙafa. Tun daga nesa ƙasa ke rawa. Sai ga shi, ruwa fari fat yana faɗowa daga inda wuya ke gajiya da kallo, feshinsa na dukan fuska kamar yayyafi. Na tsaya, ban san na tsaya ba.

"Kin gani, Goggo?"

"Na gani. Ruwa ne. Ina dutsen?"

Birai sun riga mu. Yawancin kawunan an gwaigwaye su, wasu sun ruɓe, wasu ruwa ya tafi da su. Muka durƙusa cikin toka da taɓo, tsohuwa da mai furfura a gemu, muna tona da yatsu kamar kaji. Nathan ya cusa hannu ƙarƙashin dutsen ya zaro ɗaya, tsironsa na nan kore, har ya fara sakin saiwa cikin danshi. Muka ci gaba har rana ta yi tsaka. Buhu guda ya tafi, abin da ya dawo bai cika ƙwarya ba.

Ya kawo wata jakar goyo da yaran suka bari wai a zuba ciki. Na ce ya kawar min da ita, tsiron zai karye. Na saɓa ƙwaryar a kafaɗa kamar ranar da muka bar ƙauye. A gangaren dutse ƙafata ta fara zamewa, sai ya karɓa ba tare da ya tambaye ni ba, ya ɗora a tasa kafaɗar, ya dafe da hannu. Tafiyar ubansa sak. Ban faɗa masa ba.

A Orozo shi ya binne su da hannunsa, karo na farko da ya riƙe garma tun rasuwar Abraham. Layi ɗaya suka cika, sauran kunyar kuwa Christina ta zuba masara. Ya ajiye motar a bakin gona, yana kwana a ciki yana korar awaki. Wasu kawunan suka mutu a ƙasa. Amma wasu suka huda hular ciyawa suka fito, ya sara musu sanduna, suka kama suka fara hawa. Bana ba mai cin ko yanki. Duk abin da aka tona iri ne, zai koma ƙasa.

Na fara zaton ya zauna ke nan. Har na fara lissafin yadda za a aika wa Lucia. Sai wata safiya na fito na tarar yana ɗaure jarkoki, wayarsa ta yi kuka, wasu yara na son Mambila. Ya zo ya durƙusa a gabana yana sosa ƙeya, wai zai riƙa leƙowa. Ban ɗaga murya ba, na gaji. Na kama kunnensa kamar lokacin da yake bayana, na ce:

"Je ka yawonka. Gidanka na da taya, doyar ubanka ba ta da. Hadarin farko na baɗi ya same ka a bakin gonar nan da garma a hannu. In ka zo ka tarar an binne ni, ka fara binne doyar kafin ka tambayi inda kabarina yake."